Saɓar Fata da Sinadari Don Rage Tabon Ƙurajen Fuska: Yadda Ake Bi Ba Tare da An Ƙona Fuska Ba

Ƙurajen fuska kan zo su wuce, amma tabon da suke bari shi ne ke hana mutum sakat. Shi ya sa a Bauchi yanzu da wuya ki shiga rukunin mata na WhatsApp ko shafin masu kayan gyaran jiki ba ki ci karo da hoton wata 'yar kwalba ba, ana cewa a shafa, cikin mako guda tsohuwar fata za ta saɓe, sabuwa ta fito sumul. Saɓar fata da sinadari, wato shafa asid a fata don ta sama ta ɓare sabuwa ta fito, aiki ne na gaskiya, likitocin fata sun daɗe suna yin sa, kuma yana da amfani. Sai dai fatarmu ta baƙaƙe tana da wata ɗabi'a da ya wajaba ki sani kafin ki bari a ɗiga miki komai: duk inda aka ji mata ciwo, da ƙarin baƙi take ramawa. Sinadarin da zai goge tabo idan an bi a hankali, shi ne dai zai bar miki wanda ya fi shi muni idan an yi gaggawa ko an zurfafa. Da ke nake magana, 'yar'uwa, don mata aka fi tallata wa abin, amma duk abin da zan faɗa ya shafi maza.

Fara da sanin irin tabon da ke fuskarki

Ki wanke fuska, ki tsaya gaban madubi kusa da taga da rana, haske yana dukan fuskar ta gefe. Ki shafa wurin da ɗan yatsa.

Idan wurin baƙi ne amma a shafe yake, yatsa bai ji rami ko tudu ba, to launi ne kawai. Lokacin da ƙurjin ya kumbura, ƙwayoyin da ke samar da melanin, wato sinadarin launin fata, sun zubo shi fiye da kima. Irin wannan shi ya fi yawa a cikinmu, shi ne kuma saɓar fata ta fi yi wa aiki. Ko ba a yi komai ba yakan dushe da kansa cikin watanni, idan an kare shi daga rana.

Idan kuwa yatsa ya ji rami, to tsokar fatar ce ta ɓace a wurin. Kamar katangar laka ce: dattin da ya ɓata samanta ana kankare shi, amma inda ƙasa ta zube sai an cike. Ramukan nan iri uku ne. Akwai siriri mai zurfi kamar an soka allura, akwai mai faɗi mai tsayayyen baki irin wanda ƙarambau ke bari, akwai kuma wanda ke sa fata ta yi hawa da sauka, saboda wasu zaruruwa da ke janyo ta daga ƙasa. Saɓar fata mai sauƙi tana ɗan lallausa bakin marasa zurfi ne kawai, ba ta cike rami. Duk wanda ya ce miki kwalbarsa za ta cike ramuka cikin mako guda, kuɗinki yake so.

Na ƙarshe shi ne tabon da ya taso ya yi tudu mai tauri, wani lokaci har ya zarce inda ƙurjin yake, galibi a haɓa, ƙirji, kafaɗa ko kunne bayan huda. Wannan kiloyid ne, kuma ya fi samun baƙar fata. Idan kina da shi, ko akwai shi a danginku, ki faɗa wa likita tun kafin ya tambaya. Asid ba maganinsa ba ne, yana ma iya tsokano shi. Allurar tiramsinolon da ake yi a cikin tabon da kuma man silikon ake amfani da su.

Kashe wutar kafin share toka

Ba a gyaran tabo alhali sababbin ƙuraje na fitowa kowane mako, don kowane ƙurji sabon tabo ne. Magungunan da aka saba farawa da su su ne adafalin mai ƙarfin kashi 0.1 da dare, da benzoyil feroksaid mai kashi 2.5 zuwa 5, wani lokaci a haɗa da maganin sha idan ƙurajen manya ne. Suna buƙatar mako 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsu sosai. A daina matsa ƙurji da farce. Da yawa daga baƙin tabon da ke fuskokinmu aikin hannunmu ne.

Akwai maganar da ta fi wannan nauyi, wato man bilicin da haɗe-haɗen da ake sayarwa cikin robobi marasa rubutu. Da yawansu suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin su kilobetasol da betametason, wasu da haidirokwinon mai yawa, wasu har da makuri, wani ƙarfe mai guba. Sitiroyid yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito, yana kuma haifar da nasa ƙurajen, ƙanana masu kama da juna. Haidirokwinon idan an daɗe ana shafa shi yana jawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da ke da wuyar magani ƙwarai. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan waɗannan mayuka. Asid ɗin da lafiyayyar fata za ta jure, a kan fatar da bilicin ya cinye sai ya huda ta. Don haka ki ɗebi duk abin da kike shafawa, har da wanda ƙawa ta haɗa miki, ki zuba a leda ki tafi da shi wurin likita. Babu abin kunya a nan, ya ga irinsa ba adadi. Idan kin daɗe a kan sitiroyid, kada ki yanke rana ɗaya, fatar za ta yi bore da ja da ƙaiƙayi. Likitan ne zai tsara miki yadda za ki janye a hankali, kuma sai fata ta farfaɗo, wataƙila bayan watanni, sannan a yi zancen saɓa.

Wa zai yi miki?

Likitan fata, ko wanda ya samu horo yana aiki ƙarƙashinsa. Likitocin fata ba su da yawa a Arewa, wannan gaskiya ne, amma hanya mafi sauƙi ita ce ki yanki kati a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ki nemi a tura ki wurin mai duba fata. Mutanen Katagum da kewaye su fara tambaya a babban asibitin tarayya na Azare. Ko da a ƙarshe a wani asibiti mai zaman kansa za a yi aikin, ya kasance likita ya ga fuskar tukuna.

Duk inda kika je, ki tambayi sunan asid ɗin da ƙarfinsa, ki nemi ganin kwalbar da rubutunta da ranar lalacewarta. Ki tambaya ko sun saba yi wa masu launin fata irin naki, da abin da za su yi idan fata ta ƙone. Wanda ya ce haɗinsa sirri ne, ki yi masa sallama. Ko a Amurka, a watan Yulin 2024 sai da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta gargaɗi jama'a kan sayen asid mai ƙarfi ta intanet ana shafawa a gida, saboda mummunar ƙunar da yake jawowa.

Ki faɗa wa likita idan kina da juna biyu ko kina shayarwa, idan jikinki ba ya karɓar asfirin, idan kin sha maganin ƙuraje mai ƙarfi na aisotiretinoyin a watannin baya, idan kina da ciwon suga, ko kuma idan ƙurajen nan masu ruwa na fito miki a leɓe lokacin zazzaɓi. Na ƙarshen nan ƙwayar cuta ce da ke kwance a jiki, saɓar fata na iya tayar da ita ta bazu a fuska, shi ya sa ake ba da asiklobir kafin aiki.

Wane asid, kuma zurfin nawa

Fata hawa biyu ce: ta sama wadda ke sabunta kanta kusan duk bayan mako huɗu, da ta ƙasa mai ɗauke da kolajin, wanda shi ne ke riƙe fata ta tsaya. Saɓa mai sauƙi a ta sama take tsayawa, matsakaiciya tana taɓa saman ta ƙasa, mai zurfi kuma tana nutsewa cikinta. A ma'aunin launin fata da likitan nan na Amurka Thomas Fitzpatrick ya fitar a 1975, yawancinmu muna mataki na 5 da na 6, wasu farare a na 4. Ga waɗannan matakai, mai sauƙi ita ce tamu. Matsakaiciya sai a hannun ƙwararre kuma da dalili. Mai zurfi da ake yi da fenol ba tamu ba ce sam, tana iya kashe launin fata har abada, tana kuma iya hargitsa bugun zuciya.

Asid ɗin salisilik mai kashi 20 zuwa 30 shi na fi natsuwa da shi ga mai maiƙon fuska da baƙin tabo. Yana narkewa cikin mai, don haka yana shiga ƙofofin gashi ya share su, yana kuma kwantar da kumburi. A 1999 likitar fata Pearl Grimes ta gwada shi a kan mutum 25 masu fatar mataki na 5 da 6, aka yi musu sau biyar, mako biyu-biyu tsakani, bayan an shirya fatarsu da haidirokwinon mai kashi 4 na mako biyu. Kashi 88 cikin ɗari sun samu sauƙi a fili, matsalolin da aka gani kuma ƙanana ne. Mutanen ba su da yawa, amma binciken ya nuna cewa shiri da sassauci su ne ke ba baƙar fata nasara.

Gilaikolik, wanda asalinsa daga rake ne, ana yin sa daga kashi 20 har zuwa 70. Ƙwayarsa ƙarama ce, yana shiga da sauri, kuma ba ya tsayawa da kansa sai an kashe shi, don haka sakaci na minti ɗaya na iya zama ƙuna. Mandelik da laktik sun fi shi taushi. Mandelik yana shiga a hankali, ya dace da fata mai saurin yin baƙi. Akwai haɗin Jessner mai salisilik da laktik da risosinol, kashi 14 kowanne. Sai asid ɗin tiraikiloroasetik, wato TCA, wanda ake shafa wa dukan fuska a kashi 10 zuwa 35. Daga kashi 25 zuwa sama haɗarin baƙi ga irin fatarmu yana ƙaruwa sosai.

Shirin makonni biyu zuwa huɗu

Nan ne masu gaggawa ke tsallakewa, nan ne kuma ake cin nasara ko a faɗi. Kullum da safe ki shafa man kariya daga rana mai SPF 30 ko fiye, wato lambar ƙarfin kariya da ke rubuce a jikin robar. Kada ki ce ai ke baƙa ce rana ba ta ƙona ki; ba ƙuna ake gudu ba, ƙarin launi ake gudu. Man kariyar da ke da ɗan launin hoda ya fi, don yana tare har hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara wa baƙar fata duhu, ga shi ba ya barin fuska fari fat kamar an shafa toka. Likita zai iya ba ki abin da zai kwantar da ƙwayoyin launi, kamar asid azelayik ko haidirokwinon na ƙayyadadden lokaci. Bambancin wannan da bilicin shi ne awo, da wa'adi, da idon likita.

Kamar mako guda kafin ranar, ki ajiye adafalin ko ɗan'uwansa tiretinoyin. Ki bar dilka, halawa, kurkur da duk wani abin dirza fuska, ki bar cire gashi da kakin zuma ko zare. Ɗan'uwa, kai ma ka bar reza da zuwa wurin wanzami na 'yan kwanaki kafin aiki da bayansa. Ki nemi a gwada asid ɗin a ɗan wuri ƙasan kunne, a jira mako ɗaya ko biyu a ga yadda fata za ta amsa. Ki ɗauki hoton fuska ta gaba da gefe biyu a bakin taga, ba hoda, ba gyaran waya.

Lokaci ma abin dubawa ne. Ranar Bauchi a watan Maris da Afrilu ba ta da sauƙi ga sabuwar fata, musamman ga mai yini a kasuwar Wunti ko Muda Lawal, ko ɗaliba mai hawan acaɓa zuwa Yelwa kullum. Hunturu kuma yana busar da fata har ta tsage, sai an ninka man shafawa. Ki zaɓi makon da za ki samu kwana uku zuwa biyar ba yawan fita. Amarya kuwa, don Allah kada a fara mata wannan aiki ana saura mako biyu biki. A fara da wata uku zuwa shida, a yi na ƙarshe ana saura aƙalla wata guda, kuma masu gyaran jiki su kauce wa fuskar.

Ranar aiki

Ki je da fuska ba kwalliya. Za a wanke ta, a goge maiƙo da sifirit ko asiton don asid ya shiga daidai ko'ina. Za a shafa basilin a gefen idanu, gefen hanci da leɓe, ki rufe ido. Ana shafa asid da auduga ko buroshi, daga goshi zuwa kumatu, hanci da haɓa. Za ki ji zafi-zafi da tsikari, wannan ba komai. Idan zafin ya zama na ƙuna, ko ya taru wuri ɗaya, ki yi magana nan take, ba wurin nuna dauriya ba ne.

Gilaikolik ana ƙirga masa minti 2 zuwa 5 a farko, sannan a kashe shi da ruwan bikabonet ko a wanke da ruwa mai yawa. Salisilik yana bushewa ya bar farin gari a fata, a wanke bayan 'yan mintuna. TCA kuma yana sa fatar kanta ta yi fari-fari, kuma da wannan farin likita ke gane zurfin da ya kai. Daga nan sai man sanyaya fata da na kariya daga rana. Duka-duka bai fi rabin awa ba. Zaman farko da mafi ƙarancin ƙarfi ake yin sa, kada ki roƙi a ƙara.

Makon da ke biye

Rana ta farko da ta biyu fata za ta ɗaure, ta yi sheƙi, tabon ma ya ƙara duhu. Daga rana ta biyu ko ta uku sai ta fara saɓa, galibi daga gefen baki da hanci, ta gama cikin mako guda. Wasu ba sa ganin saɓa sosai, kuma aikin ya yi. Yawan ɓarewa ba shi ne ma'auni ba.

Kada ki ja fatar da ke ɓarewa, ko da tana reto. Duk inda kika ɓare da hannu kafin lokacinsa, nan baƙi zai zauna. Ki wanke da sabulu mai taushi marar ƙamshi, ki ajiye sabulun salo da soso. Alwala ba ta hanuwa bayan saɓa mai sauƙi: ki zuba ruwa mai sanyi, ki bi da tafin hannu a hankali ba dirzawa, ki dangwala tawul mai tsabta, sannan ki mayar da mai da man kariya, don ruwa yana wanke su. Idan likita ya hana taɓa ruwa na wani lokaci, ki tambayi malami hukuncin da ya dace da halinki. Mai sa niƙabi ta zaɓi mai laushi, ta wanke shi kullum. Ki nisanci tsayuwa kan murhu ko tukunyar tuwo mai tururi na kwana biyu zuwa uku, haka turaren tsuguno da surace. In fita ta zama dole, lema ko malafa, a kuma sabunta man kariya duk bayan awa biyu. Adafalin da sauran magungunan ƙuraje sai fata ta gama saɓa ta daina zafi.

Idan kika ga bororo, ruwa ko mugunya, ɓawon ciwo mai kauri, zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko ja da ya wuce mako biyu, ki koma asibiti ranar. Wadda kuma ta riga ta shafa asid ɗin kasuwa ya ƙona ta, ta sa fuskar ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana kwarara na minti 20, kada ta shafa makilin, ƙwai, manja ko kanwa, ta ɗauki kwalbar ta nufi asibiti.

A gida, abin da ya halatta ki yi da kanki shi ne mai rauni: salisilik kashi 2, gilaikolik ko laktik da bai wuce kashi 10 ba, sau biyu ko uku a mako da dare, ɗaya kawai a lokaci guda. Lemon tsami a fuska sannan a shiga rana yana ƙona fata ya bar baƙi, a bar shi a miya.

Sau nawa, kuma me za a yi da ramukan

Ana yin zama 4 zuwa 6, mako 2 zuwa 4 tsakani. Ki tambayi kuɗin dukan zaman tun farko, ki haɗa da na man kariya na wata shida. Idan aljihu ba zai ɗauki duka ba, gara ki sa kuɗin a maganin ƙuraje da man kariya, su kaɗai ma suna dusar da baƙin tabo da sannu.

Ga sirarun ramuka masu zurfi akwai wata dabara da likitocin Koriya ta Kudu suka bayyana a 2002. Ana tsoma tsinke mai kaifi a TCA mai ƙarfin kashi 65 zuwa 100, a ɗiga a ƙasan kowane rami shi kaɗai ba tare da an taɓa fatar gefe ba. Wurin zai yi fari, ya yi ɓawo, ya faɗi cikin mako guda ko kwana goma, sabon kolajin ya riƙa tasowa daga ƙasa. Ana maimaitawa bayan mako 4 zuwa 6, sau uku ko fiye. A baƙar fata kusan ko yaushe wurin kan yi duhu na wasu makonni ko watanni kafin ya washe, ki san da wannan kafin ki amince. Ɗigo ɗaya da ya kauce yana faɗaɗa ramin, don haka wannan aikin hannun likitan fata ne kawai, duk da bidiyoyin da ke yawo a TikTok.

Masu hawa da sauka sai an shigar da allura ƙarƙashin fata an tsinke zaruruwan da ke janyo ta. Masu faɗi kuma ana yi musu tsattsagar ƙananan allurai, wadda baƙar fata ke jurewa da kyau, ko a yanke mai zurfin a ɗinke. Yawancin fuskoki suna da haɗin iri biyu ko uku, shi ya sa likita kan haɗa hanyoyi.

Kolajin yana ɗaukar wata 3 zuwa 6 yana ginuwa, don haka sai bayan wannan lokaci za ki sake ɗaukar hoto a bakin tagar nan, a haske iri ɗaya, ki kai wa likita tare da na farko. Idan baƙin ya dushe amma ramuka na nan, mataki na gaba shi ne ɗaya daga cikin hanyoyin nan na allura, ba asid mai ƙarin ƙarfi a dukan fuska ba.